Fim ɗin Diddy a Netflix: yau abokin gaba ne ke riƙe da kyamarar

Tun da Netflix ta saki "Sean Combs: The Reckoning" ranar 2 ga Disamba 2025, masoya waƙar gambara suka rabu biyu. Wasu na cewa asirin Diddy ne ya gama tonuwa, wasu kuma na cewa ramuwar gayya ce kawai aka naɗe ta da rigar dokumentari. Dalilin masu magana ta biyu a fili yake: cikin manyan furodusoshin shirin akwai 50 Cent, mutumin da ya yi kusan shekara 20 yana yi wa Diddy habaici a waƙa da kafafen sada zumunta.

Kashi huɗu ne shirin, Alexandria Stapleton ce ta ba da umarni. Ya fito ne bayan kotun tarayya a New York ta gama da maganar. A Yulin 2025 masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke Diddy daga manyan tuhume-tuhumen, wato jagorantar gungun masu laifi da safarar mutane don lalata, amma suka kama shi da laifi biyu na jigilar mutane don karuwanci. A Oktoba aka yanke masa wata 50 a gidan yari.

Abin da ya fi ɗaga hankalin ɓangarensa ba hirarrakin tsofaffin ma'aikatansa ba ne. Hotunan bidiyo ne da aka ɗauke shi a kwanakin da suka gabaci kama shi a Satumbar 2024, yana otal, yana waya da lauya kan yadda za a gyara sunansa a idon jama'a. Shi da kansa fa ya sa a riƙa binsa da kyamara, don yana tara kayan fim ɗin rayuwarsa. Lauyoyinsa sun ce sace hotunan aka yi, har suka aika wa Netflix takardar gargaɗi. Masu shirin suka ce ta halastacciyar hanya suka same su. Ko ma yaya ne, kyamarar da ya biya don ta yabe shi ita ce ta zame masa mai shaida.

To a nan nake ganin masu kukan son kai sun makara da kukan. Yaushe aka taɓa yin fim ɗin waɗannan mawaƙa ba tare da mai ruwa da tsaki ya tsoma hannu ba? A 2009 da aka yi "Notorious" kan rayuwar Biggie, Diddy na cikin furodusoshi, kuma an nuna shi matashi mai hangen nesa, mai ba aboki shawarar kirki. Lil' Kim ta fito ta ce ba ta yarda da yadda aka siffanta ta ba, amma wa ya saurare ta? A 2017 ya sake fitar da "Can't Stop Won't Stop" a Apple Music, tarihin kamfaninsa Bad Boy daga bakin mai kamfanin. Lokacin ba a ji ana ta maganar adalci ba, tafi aka yi.

Ba shi kaɗai ba ne. "Straight Outta Compton" na 2015 ya tara sama da dala miliyan 200, kuma fim ne mai daɗin kallo, ban musa ba. Sai dai Dr. Dre da Ice Cube ne furodusoshinsa, shi ya sa dukan da Dre ya yi wa 'yar jarida Dee Barnes a 1991 bai samu ko minti ɗaya a ciki ba. Sai da surutu ya yi yawa bayan fitar fim ɗin ya nemi afuwar matan da ya cutar. Tsohuwar budurwarsa Michel'le kuwa ba ta tsaya jira ba, a 2016 aka yi "Surviving Compton" da nata labarin.

Wannan ba yana nufin a haɗiye duk abin da 50 Cent ya kawo ba. Akwai abin da ya tabbata, kamar bidiyon otal na 2016 da CNN ta nuna a Mayun 2024, inda aka ga Diddy yana dukan Cassie, kuma shi ma ya fito ya ba da haƙuri. Akwai kuma abin da har yanzu zargi ne, kamar alaƙanta shi da kisan Tupac a 1996. Ba a taɓa gurfanar da shi kan wannan ba, kuma ya sha musantawa. Matsalar dokumentari ita ce yana jera su wuri guda, da kiɗa iri ɗaya a ƙasa, har mai kallo ya tashi yana jin duk an tabbatar. Kotu takan ba lauyan wanda ake zargi dama ya titsiye shaida da tambayoyi. A ɗakin tace fim babu wannan.

Shi dai 50 Cent, tun da ya sanar da aikin a ƙarshen 2023, ya yi alkawarin kuɗin da aka samu za su tafi ga waɗanda aka ci zarafinsu. Wannan alkawari ne da ake iya bin sawunsa da lissafi, kuma ya kamata 'yan jaridar da ke ta gayyatarsa hira su riƙa tuna masa da shi.