Ba Kowane Dodon Koɗi Ne Ke Kawo Tsargiya Ba

'Yan uwa da yawa a nan Tremont kallon kwata suke yi wa Kogin Bronx, wanda ke wucewa ta gabashinmu kusa da West Farms. Idan yaro ya tsoma ƙafa a ciki, abin da iyaye ke fara ambata shi ne tsargiya, wato fitsarin jini. Tsoron da muka taso da shi ne, ban kuma ga laifin kowa ba. Sai dai a wannan ruwan ba ita ce abar tsoro ba.

Tsutsar tsargiya ba ta iya kama mutum sai ta fara girma a jikin dodon koɗi, kuma ba kowanne ba. Wadda ke kawo fitsarin jini tana buƙatar jinsin da masana ke kira Bulinus, irin wanda ke zaune a kududdufai da magudanan noman rani na ƙasar Hausa. A Amurka cutar ba ta yaɗuwa a ruwa. Mu suna ɗaya muka ba su duka, masana kuwa sun rarraba su dangi-dangi, kuma wannan rarrabewar ce ke nuna wanda za a guda.

Haka ma ake gane lafiyar kogi. Mai bincike yakan ɗaga dutse daga ƙarƙashin ruwa ya duba abin da ya maƙale. Akwai 'ya'yan wasu ƙwari masu fiffike da ba sa rayuwa sai inda iska ta wadata a cikin ruwa. Idan an same su da yawa, ruwan da dama-dama. Idan kuwa matsattsaku da jajayen tsutsotsi kaɗai suka rage, to ƙazanta ta yi yawa, ko da ruwan ya yi garau a ido. Da ma ɗalibanmu na Kano za su gwada wannan a Jakara.

Kogin Bronx ya sha wuya, amma yana farfaɗowa. A 2007 aka ga dabbar nan mai datse ruwa da itace, biba, bayan kusan shekara 200 ba a gan ta a birnin ba, har aka raɗa mata suna José don girmama ɗan majalisa José Serrano. A 2015 aka buɗe wa kifi matakala a madatsar titi na 182, domin masu tasowa daga teku su haura su yi ƙwai.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne dogon kifin nan mai kama da maciji, da wasunmu ke ce wa gaiwa. Ba danginta ba ne. Gaiwa huhu gare ta, tana kwana cikin laka har rani ya wuce. Shi kuwa a tekun Sargasso ake ƙyanƙyashe shi, ya shigo kogi yana ɗan ƙarami, ya yi shekaru, sannan ya koma can ya hayayyafa ya mutu. Tsawon zaman nan a gindin ruwa ne ke sa gubar masana'antu taruwa a kitsensa, don haka kafin a kai shi tukunya a duba shawarwarin da ma'aikatar lafiya ta jihar New York ke fitarwa kan cin kifi.

Yara kuma a hana su ruwan bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi. A lokacin ne magudanan birnin ke cika, su amayar da ruwan bayan gida cikin kogin.