Garin Neman Gira: Tsokaci a Kan Awon Hoto a Faya-fayan Bidiyo

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama gidan kallo a Jega ko Aliero ko Maiyama, a zamanin da faifan VCD yake tashe, ya san irin gunagunin da kan tashi idan aka saka fim ɗin Indiya, sa'an nan baƙaƙen layuka biyu suka bayyana, ɗaya a saman allo, ɗaya a ƙasa. Wasu su ce faifan ne ya lalace, wasu su matsa wa mai gidan kallo ya taɓa na'urarsa hoto ya cika allo. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa layukan nan ba aibi ba ne. Ɓarnar tana cikin cika allon da ake nema, kuma har yau tana bin finafinan Hausa.

Awon Hoto

Kowane fim yana da awo, watau gwargwadon faɗin hotonsa a kan tsayinsa. Tsohon akwatin talabijin awonsa 4:3 ne, faɗi huɗu tsayi uku, kuma kusan haka finafinan silima na farko suke. A 1953 kamfanin 20th Century Fox na Amurka ya fito da tsarin CinemaScope a fim ɗin The Robe, don ya janyo jama'a daga talabijin zuwa silima. Daga baya awon wannan tsari ya tsaya a 2.35:1. Indiya ta bi sahu a 1959 da fim ɗin Kaagaz Ke Phool.

To, idan za a zuba hoto mai faɗi haka cikin akwati mai 4:3, hanya uku ce. Ko a rage girmansa ya shiga gaba ɗaya, a bar baƙi sama da ƙasa. Ko a matse shi, mutane su zama dogaye kamar goruba. Ko kuwa a yanke gefensa biyu. Wanda ya zaɓi yanka ya zubar da fiye da kashi 40 cikin 100 na hoton. Shi ya sa akan ji mutum biyu suna zance, amma hancin ɗayansu kawai ake gani. Wannan shi ne abin da Bahaushe yake kira garin neman gira a rasa ido.

Kaifin Hoto

Bayan awo sai kaifi. Hoton faifai ɗigo-ɗigo ne aka jera, kuma yawansu shi ke sa a ga abu tar. A tsarin PAL da Nijeriya ta bi, faifan VCD, wanda aka tsara a 1993, yana da ɗigo 352 a kwance, 288 a tsaye, watau 101,376. DVD yana da 720 da 576, ya ninka VCD sau huɗu ke nan. Blu-ray na 2006 yana da 1920 da 1080, ya ninka shi sau ashirin.

Sai dai a yi wa masu gunaguni adalci. Fim mai 2.35:1 da aka rage a kan VCD, layi wajen 163 kaɗai yake samu cikin 288. A ƙaramin akwati, ga mutum na zaune a bencin baya, lalle fuskoki sukan ƙanƙance. Araha ce ta kai VCD ƙauyuka, araha kuwa ba ta ado. Amma wannan uzuri ya faɗi tun da faffaɗan allo mai 16:9 ya shiga gidaje.

Finafinan Hausa

Yanzu matsalar ta juyo ta baya. Finafinan bidiyo na Hausa na farko, tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990 har zuwa zamanin Sangaya, da awon 4:3 aka ɗauke su. Bayan da kasuwar faifai ta mutu, kallo ya koma YouTube da tashoshin talabijin, sai masu ɗora tsofaffin finafinai suka riƙa kwafo su daga VCD, suna ja musu gefe don su cika sabon allo. Jan nan yana ƙara wa kowane abu sulusin faɗinsa. Siririyar yarinya ta koma ƙatuwa, faifan tankaɗe ya koma siffar ƙwai. Wasu kuma sama da ƙasa suke datsewa, rawani da takalmi su tafi tare.

Mai karatu zai iya cewa me ya haɗa sashen Hausa da wannan? Amsa ita ce, fim matani ne, kamar rubutun ajami. Babu malamin da zai yarda a datse gefen takardar waƙa, inda sharhi yake, don kawai ta shiga gafaka. Ɗalibin da ke nazarin sutura, ko ginin soro, ko zaman fada a cikin fim, da hoto yake kafa hujja. Idan an yanke gefe, bai ga wanda ya durƙusa a bakin zaure ba. Idan kaifi ya yi ƙasa, bai bambance aska takwas da wani ɗinki ba.

Darasin Shaihu Umar ya isa misali. Adamu Halilu ya shirya fim ɗin a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka gano shi a ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi, aka nuna a bikin finafinai na Balin ta Jamus a 2018. Gyaran ya yiwu ne domin asalin yana nan. Fim ɗin da kwafin VCD kaɗai ya rage masa, babu gwanin da zai maido da ɗigon da babu shi.

Kammalawa

Saboda haka ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su nemi kaset na asali daga hannun masu shirya finafinai, tun bai ruɓe ba, su kwafe shi da awonsa na asali. Haka nan ɗalibi ya riƙa faɗin irin faifan da ya kalla da awonsa, kamar yadda yake faɗin maɗaba'a da shekarar bugun littafi. Mai kallo a gida kuma, idan ya ga baƙi a gefen allo, ya bar shi, domin shaida ce an ba shi fim ɗinsa cikakke.