Andrew Jackson da Linzamin Mulki

Masu nazarin halittu sun san cewa ƙwayar jiki mai lafiya tana da abin da ke tsayar da ita daga hayayyafa. Idan wannan birki ya lalace, sai ciwon daji ya kunno kai. Wannan ne ke faɗo mini a rai duk lokacin da na karanta tarihin Andrew Jackson, wanda ya shugabanci Amurka daga 1829 zuwa 1837.

Jackson ya ci zaɓen 1828 da sunan talaka, kuma ya ɗauki kansa wakilin jama'a kai tsaye. Ya hau kujerar na-ƙi a kan ƙudurorin majalisa har sau 12, fiye da na shugabanni shida da suka gabace shi a haɗe. Mafi shahara shi ne na 1832, inda ya ƙi sabunta wa Bankin Amurka na Biyu izinin aiki. Majalisar Dattawa ta tsawata masa a 1834, amma magoya bayansa suka soke tsawatarwar a 1837.

To, amma su wane ne jama'ar? Fararen fata maza ne. Mata da bayi ba su da ƙuri'a. A ganina nan gizo ke saƙa. A 1830 ya sa hannu a dokar tayar da ƙabilun asali daga ƙasashensu. Kotun Ƙoli ta goyi bayan 'yan Cherokee a 1832, hukuncin bai tsinana musu komai ba. A 1838, zamanin magajinsa Van Buren, aka kora su yamma, dubbai suka mutu a hanya.