Hawan Dutse Ba Ya Biyan Bashin Kwano

A lokacin yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya zaunar da mu a gida har wata takwas, na ajiye teɓa. Ban ankara ba sai ran da wandon da na ɗinka don bikin yayata ya ƙi rufuwa. Goggona ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Madalla ɗana, yanzu ka zama mutum."

Ni ba Bahaushe ba ne, a layin unguwarmu ta Dutse Uku na tsinci Hausa kafin in zo in karance ta a aji. Wataƙila shi ya sa kunnena yake tsayawa a kan abin da masu harshen suke wucewa. Ku lura, 'yan uwana ɗalibai, da yabo ƙiba take tafiya: ya yi ƙiba, ya murje, hutu ya karɓe shi. Rama kuwa da jaje take zuwa: "Ka rame, lafiya dai?" Ban taɓa jin an yi wa wani barka da ramewa ba. To, duk wanda ya ce zai rage jiki a cikinmu, da bakin mutanen gidansu zai fara kokawa.

Duk da haka na ɗaura niyya. Unguwarmu hawa da gangara ce, ga Jos kanta tana bisa tudu mai tsayin wajen mita 1,200, sanyin safiya ba ya barin mutum ya galabaita da wuri. Kullum da sassafe nakan gangara ta Tina Junction in zaga in hauro gida, tafiyar da ta kai kilomita biyar. Wata uku cur ina wannan. Da na hau sikelin wani yaro a bakin titi, kilo ɗaya kacal ya sauka. Na ce sikelin ne ya lalace, na biya wani. Amsa ɗaya.

Laifin yana wurin mai shayi. Duk ran da na dawo ina haki, sai in ga ai na cancanci lada: Indomie da ƙwai biyu, ga shayi mai kauri.

Bari mu yi lissafi, ko da yake yawancinmu gudun lissafi ne ya kawo mu sashen harshe. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki. Mutum mai kilo 70 idan ya taka kilomita biyar, abin da zai ƙona bai wuce kalori 300 da 'yan kai ba, ko da akwai hawa. Karin kumallon nan nawa ya haura 600. Kwalbar Coca-Cola ta roba mai rabin lita tana da wajen 210, cokalin man gyaɗa babba guda kuma kusan 120. Kilo ɗaya na kitse kuwa yana riƙe da kalori kimanin 7,700. Wato sai ka yi kusan kwana 26 kana wannan tafiya, ba ka ƙara ko loma ɗaya a kan abin da ka saba ci ba, kafin kilo guda ya tafi. Wa yake iya hana kansa ƙarin loma bayan ya hau dutse?

Akwai ma abin da ya fi wannan ban haushi. Mafi yawan abin da jiki yake ƙonawa a yini, kusan kashi biyu cikin uku, yana tafiya ne a numfashi da bugun zuciya da aikin ƙwaƙwalwa da hanta, ko kana kwance. A 2012 wani masani mai suna Herman Pontzer da abokan aikinsa sun auna mutanen Hadza na Tanzaniya, mafarauta masu yini suna yawo a daji, sai suka tarar idan aka yi la'akari da girman jiki, abin da suke ƙonawa a rana bai bambanta sosai da na mazauna biranen Amurka da Turai ba. Jiki marowaci ne, idan ka kashe a nan sai ya tsuke a can.

Saboda haka tausayi suke ba ni, samarin da nake gani suna sassarfa sun naɗe ciki da leda don su yi gumi. Gumi ruwa ne, moɗa biyu za ta mayar da shi.

Wani zai ce, to in haka ne me ya kai ni wahala? A nan nake rabuwa da abokaina da suka yar da takalmin gudu suka koma shan shayin rage ƙiba na 'yan talla, wanda galibinsa gudawa kawai yake sa mutum. Sikeli nauyi kaɗai ya sani. Bai san hawan jini ba, bai san suga ba, bai san barcin da mutum ya samu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma dalilinta shi ne kare zuciya da rage haɗarin ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki. Wannan amfani yana samuwa ko kilo bai motsa ba. Goggon nan tawa mai yabon teɓa, yau shekara biyu ke nan tana shan maganin hawan jini, kuma likita tafiya ya fara rubuta mata. Da can ko cefane za ta, keke take tarewa.

Wandon bikin dai ya rufu daga baya, amma sai da na daina lemon kwalba, na bar soyayyen dankalin Turawa na yamma, na koma gwaten acca da ganye irin wanda muka tashi da shi muna rainawa. Tafiyar ban fasa ba. Yanzu ran Asabar tare da Goggo muke fita, tana tafe tana hutawa a kan duwatsu tana yi mini faɗa wai na rame. Mai shayi kuma har gobe idan na wuce sai ya ɗaga murya: "Ɗan makaranta, ko mun yi laifi ne?"