Malam Aminu Kano da harajin da ya dawo

Kafin Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a 1950 ya rungumi jam'iyyar NEPU, a Kwalejin Horon Malamai ta Maru yake, maƙwabciyar Anka, don haka Zamfara na da kaso a tarihinsa. Tun rasuwarsa ranar 17 ga Afrilu 1983, wasu ke cewa siyasarsa ba ta yi nasara ba, tunda bai ci shugabancin ƙasa ba, kuma a 1979 jam'iyyar NPN ce ta lashe tsohuwar Jihar Sakkwato, wadda Zamfara ke cikinta. Gaskiya ne. Sai dai a 1979 ɗin ne gwamnonin jam'iyyarsa ta PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, abin da 'yan NEPU suka sha ɗauri da bulala a kansa. Malam ya koya wa talaka tambayar dalilin kuɗin da ake karɓa a hannunsa. Yau manoman Anka da Bukkuyum da Gummi kan biya 'yan bindiga haraji kafin shuka ko girbi, masu ambaton sunan Malam lokacin kamfe kuwa sun fi son fararen kayansa a kan shiga ƙauye su haɗa kan talakawa.