Waiwaye Adon Tafiya: Motar Noma Mai Bakin Igwa

 Duk ɗan kasuwar da ya taɓa fiton kaya tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa, da duk ma'aikacin duwan da ya taɓa buga hatimi bisa takarda, ya san abu guda: sunan da aka rubuta a bayan akwati daban, abin da ke cikinsa daban, sai an buɗe ake sani. Labarinmu na wannan sati na wata ƙasa ne da ta yi shekaru tana rubuta "motar noma" bisa takarda, alhali kuwa tankar yaƙi take ƙerawa. Ƙasar ita ce Jamus.

Ingilishi ne suka fara shigo da tanka fagen fama, ranar 15 ga Satumba 1916, a yaƙin kogin Somme da ke ƙasar Faransa. Jamusawa suka ga ƙarfe yana tafiya bisa sarƙa, yana take waya mai ƙaya, harsashin bindiga bai huda shi. Nan da nan aka ɗora wa wani injiniya, Joseph Vollmer, nauyin ƙero tasu. A 1917 aka gwada ta farko, aka sa mata suna A7V, wato taƙaitaccen sunan ofishin sufuri na ma'aikatar yaƙi. Ɗaki ne na ƙarfe mai nauyin tan 30 da ɗoriya, da inji biyu na kampanin Daimler, da soji 18 cunkushe a ciki cikin zafi da hayaƙi. A goshinta akwai igwa mai faɗin baki milimita 57, daga cikin ganimar da aka ƙwato hannun abokan gaba, sa'an nan bindigogi masu jigida guda 6 kewaye da ita.

Dattawan Maraɗi da Tibiri sun ji labarin ƴan lifidi: kibiya ba ta samun su, amma in doki ya faɗi da mai lifidi, tashi sai an kama masa. Haka A7V take. Cikinta kusa yake da ƙasa, rami kaɗan ya kife ta. Guda 20 kaɗai aka gama, a lokacin da Faransa ta ƙera ƙananan tankokin Renault FT wajen 3,000. Duk da haka ita ce ta yi karon farko na tanka da tanka a tarihi, ranar 24 ga Afrilu 1918 a Villers-Bretonneux. Wata kuma da ake kira K-Wagen, mai tan 120 da igwa huɗu masu milimita 77, har yaƙi ya ƙare ba ta fito daga masana'anta ba. Ƙanana marasa nauyi, LK I da LK II, waɗanda aka ɗora bisa ƙashin motar Daimler, su ma ba su ga fagen fama ba.

Da aka ci Jamus, yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta haramta mata ƙera tanka ko sayenta. To, daga nan ne labarin ya zama na ƴan kasuwa da ma'aikata. A 1921 ƙasar Suwidin ta sayi LK II guda 10. Aka kai su gunduwa-gunduwa, takardar kayan tana cewa ƙarafan tukunyar inji ne da kayan noma. A farkon 1927 masu sa ido na ƙasashen da suka ci yaƙi suka tattara nasu ya nasu suka bar Jamus. Shekara biyu bayan haka, kampanoni uku, Krupp da Rheinmetall da Daimler-Benz, kowane ya gama motoci biyu masu suna Grosstraktor, ma'ana "babbar tarakta". Wannan tarakta ba ta da garma. Igwa gare ta mai milimita 75. Ƙanwarta, Leichttraktor, "tarakta marar nauyi", tana ɗauke da mai milimita 37.

Da yake ba halin a gwada su a gida, sai aka kai su ɓoye Tarayyar Sobiyet, wata makaranta da ake kira Kama, kusa da birnin Kazan, inda aka yi ta gwaji daga 1929 zuwa 1933. Motocin sun sha lalacewa, ƙarfensu ma ba mai tare harsashi ba ne. Amma ribar ba ta cikin ƙarfen; tana cikin kawunan mutane. Can injiniyoyi suka gane irin sarƙa da injin da ke jure tafiya, hafsoshi kuma suka koyi sarrafa tanka da magana ta rediyo. Hatta Panzer I, mai bindigogi biyu masu jigida, da aka fara ƙerawa da yawa a 1934, sunanta a takarda "motar jan kayan noma". A 1935 Hitler ya yaye zane, ya yi watsi da sharuɗɗan Versailles, aka kafa rundunonin tankoki uku na farko.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A watan Mayu na 1940 tankokin Jamus kimanin 2,500 suka afka wa Faransa, cikin sati shida ta faɗi. Kada mai karatu ya ce ina ruwanmu. Faransa ta kwashi samarin ƙasashenmu, har da na Nijar, ta sa su gaba a wannan yaƙi. A Chasselay, kusa da Lyon, cikin watan Yuni na 1940, sojin Afirka ta Yamma da suka riga suka miƙa wuya aka ware daga Turawa, aka kai su fili, aka buɗe masu wuta da bindigogin tanka. Kaburburansu suna can har yau. Jikokin "motar noma" ne suka yi wannan aiki.

Dokar Versailles ba ta rasa kyawun rubutu ba, mai buɗe akwati ta rasa. Ma'aikacin da ya sa hannu bisa abin da bai gani da idonsa ba, da ɗan kasuwar da ya yi dakon abin da bai tambaya ba, kowanensu yana iya cewa takarda ta cika. Amma in abin ya fashe, ba takarda ce ke zubar da jini ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya tsare mu da sa hannun makanta. Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.