Fo-wil Ba Laya Ba Ce a Fadamar Bakolori

Kowace damina, musamman in Agusta ya kama, hanyoyin da suka ratsa gonakin Bakolori sukan ƙaryata wata magana da dillalan motoci ke haɗawa da kowace a-kori-kura su sayar. Maganar ita ce, "Ai fo-wil ce, Alhaji, ba inda ba ta shiga." Mai saye ya biya, ya loda buhunan taki, ya sauka daga kwaltar Gusau zuwa Sakkwato a Talata Mafara, ya nufi Ruwan Gizo ko wani ƙauye na ƙasar Bakura. Kafin a jima sai ga shi tsaye a gefe ya naɗe babbar riga, inji na ta kuka, taya ɗaya ta gaba da ɗaya ta baya suna feshin taɓo, sauran biyun kuwa ko motsi ba sa yi. A kira samarin gari su tura, a ba su na goro, sannan a ɗora laifin a kan direba, ko a ce injin ne ba shi da ƙarfi.

Direban bai yi komai ba, injin ma lafiyarsa lau. Matsalar tana cikin ƙullin ƙarfen nan da ke tsakiyar aksil, wanda kanikawa ke kira difaranshal, kuma da wuya a ga mai sayen mota ya durƙusa ya leƙa shi. Ana duba fenti, ana duba iyakwandishan, ana danna hon, amma abin da zai yanke hukunci ko mota za ta fita daga laka, shi ba a tambayarsa.

Aikin difaranshal yana da dalili mai kyau. Tazarar da ke tsakanin tayoyin baya na Hilux ta kai kimanin mita ɗaya da rabi. In mota ta juya ta koma inda ta fito, tayar waje takan fi ta ciki tafiya da kusan mita biyar. Don haka aka sa wasu ƙananan giyoyi da ke barin kowace taya ta yi gudun da kwana ta nema. Sai dai difaranshal na gama-gari, wanda ake cewa buɗaɗɗe, yana raba ƙarfin murɗawa daidai wa daida tsakanin tayoyin biyu, kuma abin da tayar da ta fi rauni za ta iya riƙewa shi ne iyakar abin da ɗayar za ta samu. Taya ɗaya ta faɗa santsin laka, ba ta riƙe komai ba, to 'yar'uwarta da ke kan busasshiyar ƙasa ita ma ba ta samun komai. Jan giyar fo-wil yana ɗaure gaba da baya ne kawai. Kowane aksil na nan da buɗaɗɗen difaranshal ɗinsa, shi ya sa motar da aka rubuta wa 4x4 a jiki takan koma mai taya biyu daidai lokacin da ake neman huɗun.

Sunan da Toyota ta yi ba na banza ba ne. Tun 1968 ake ƙera Hilux, kuma a 1987 sojojin Chadi sun fatattaki tankokin Libiya da ɗaruruwan Hilux da Land Cruiser, har aka sa wa yaƙin sunan kamfanin. Amma hamadar arewacin Chadi daban, bakin kogin Sakkwato daban. Tun da kamfanin Impresit na Italiya ya gama madatsar Bakolori kusa da Maradun a 1978, aka shimfiɗa magudanai domin noman rani a kan kimanin kadada 23,000, ƙasar nan ta zama ta shinkafa, ita kuwa shinkafa ƙasa mai riƙe ruwa take so. Hanyar gona a nan takan bi gefen magudana, taya ɗaya a kan kunya mai tauri, ɗayar cikin kwarin da tarakta ta haƙa. Irin wannan wuri ne buɗaɗɗen difaranshal ya fi jin kunya, kuma ko da rani ba a tsira ba, domin ruwan ban-ruwa na malalowa kan hanya.

Abin dariyar shi ne manoman yankin sun daɗe da sanin maganin. Duk yaron da ya taɓa tuƙa Massey Ferguson ya san ɗan fedan nan da ke kusa da dunduniyar ƙafar dama: taya ɗaya ta fara juyawa a banza, sai a taka shi, tayoyin biyu su ɗaure su juya tare, tarakta ta fita. Makullin difaranshal ke nan. Mutumin da ba zai karɓi tarakta marar wannan feda ba, shi ne zai zuba miliyoyi a kan a-kori-kura bai tambaya ba.

Hanyoyi biyu masu ƙera motoci suka bi wajen gyara wannan aibu, kuma masu sayar da kayan gyara sun saba cakuɗa su kamar abu ɗaya ne. Ta farko ita ce difaranshal mai rage santsi, wanda ake rubuta wa LSD. A cikinsa akwai jerin faifan kuloci da ke matse juna in taya ɗaya ta fara wuce ɗaya, sai wani kaso na ƙarfin ya koma ga mai riƙo. Ba ya neman direba ya taɓa komai. A kan kwalta mai ruwa, ko burji mai tsakuwa, ko ɗan yashi, ya isa ya kuma yi daɗin tuƙi. Amma kaso ne kawai yake turawa, kuma faifan suna cinyewa. Motar Kwatano da ta yi shekara goma sha biyar tana aiki a wata ƙasa, LSD ɗinta sau da yawa suna ne ya rage. Ga kuma maganar mai: irin wannan difaranshal yana son man giya na musamman da aka yi domin faifansa, in aka ɗura masa kowane irin da aka samu a bakin tasha sai ya riƙa ƙara a kwana, ya ƙarasa lalacewa. Akwai nau'in Torsen, mai aiki da giyoyi zalla ba faifai, wanda ba ya cinyewa haka. Shi ma in taya ɗaya ta tashi sama ko ta rasa riƙo kwata-kwata, ba abin da zai ninka ya ba ɗayar.

Ta biyu ita ce makulli na gaske. Ana danna maɓalli, wani ƙarfe mai haƙora ya shiga ya ɗaure ɓangarorin aksil biyu, tayoyin su zama dole su juya tare ko da ɗaya tana lilo a iska. Wasu samfuran Hilux suna zuwa da shi a baya tun daga masana'anta, wasu Land Cruiser 70 ma har da na gaba. Kamfanin ARB na Ostareliya yana yin mai aiki da iska, Eaton na Amurka yana yin mai aiki da lantarki, ana iya sa su daga baya. Yana da ladabinsa: a Hilux sai an shiga ƙaramar giya ta L4 yake kamawa, Toyota kuma ta ce kada a wuce kilomita 8 a awa yana kulle. Ana sa shi kafin a shiga kwatami, a cire shi da zarar an fita. Wanda ya bari sai taya ta gama haƙa rami har cikin motar ya zauna a ƙasa, ko makulli goma ba za su ɗaga shi ba.

Akwai masu cewa duk wannan dogon Turanci ne, a kai wa mai walda ya narke ƙananan giyoyin su zama dunƙule guda, an huta. A laka dabarar tana aiki, babu musu. Amma motar ba a laka take kwana ba. Ranar Talata za ta ɗauki buhunan shinkafa fiye da tan ɗaya da aka yi ta dominsa, ta hau kwalta zuwa kasuwar Mafara. A kowace kwana tayar ciki sai ta goge ƙasa da ƙarfi domin ba ta da damar rage gudu, murɗar ta koma kan sandar aksil, sitiyari ya juya amma motar ta nemi miƙewa. Taya ta cinye da wuri, wata rana sandar ta ɓalle. A kan hanyar da tireloli ke zirga-zirga tsakanin Gusau da Sakkwato, ga fasinjoji zaune a kan kaya, wannan arahar ganganci ce.

Masu sababbin motoci kuma sukan ce tasu tana da kwamfuta. Gaskiya ne Hilux ta baya-bayan nan tana da na'urar da ke kama wa tayar da ke juyawa a banza birki domin ƙarfi ya koma ɗaya gefen, kuma tana taimakawa. Sai dai sai taya ta fara santsi take farkawa, in aka daɗe ana fama kuma birkin ya yi zafi ta janye.

Hukuncin ba shi da wuya. Ɗan kasuwar da yawancin tafiyarsa kan kwalta da burji take, tsakanin Mafara, Bakura da Gusau, LSD mai rai da man da ya dace sun wadatar da shi. Wanda abincinsa ke cikin fadama, mai kai taki ko kwaso shinkafa ko kai maras lafiya asibiti daga ƙauye da damina, makulli mai maɓalli yake bukata a aksil ɗin baya. Dukansu biyu kuma su fara da taya: makulli a kan taya mai sanƙo ba ya ƙara komai sai taya ta biyu da za ta yi feshi, rage iska kaɗan kafin shiga yashi ko laka kuwa kyauta ne.

A Zamfara ta yau, kafewar mota a daji ba ɓata lokaci kawai ba ne. Motocin sintiri na 'yan sanda da sojoji da Askarawan Zamfara, waɗanda gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar a Janairun 2024, da motocin asibiti da na malaman gona, duk waɗannan hanyoyin suke bi, wani lokaci da dare. Duk jami'in da zai sa hannu a takardar sayen irin waɗannan motoci, bai isa ya rubuta 4x4 ya tashi ba. Ya rubuta makullin difaranshal na baya a cikin sharuɗɗa, a kuma koya wa direbobi lokacin sa shi.

Mai sayen mota ta hannu kuwa, gwajin ba ya cin kuɗi. A saka duwatsu a tayoyin gaba, a ɗaga na baya duka biyu da jak, a sa giya a firi, a sauke hambirki, a juya taya ɗaya da hannu. In ɗayar ta juya baya, buɗaɗɗe ne, ko Torsen, ko LSD mai faifai da ya riga ya mutu. In ta bi ta gefe guda da ɗan nauyi, faifan na da rai. In dillali ya ce akwai makulli, a shiga L4, a danna maɓallin, a jira fitilarsa ta daina ƙiftawa ta tsaya cak. Dillalin da ya ƙi a ɗaga motarsa, a bar masa kayansa.